Ki Fitar da Kazar Nan Daga Ɗakinki

Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Wannan takarda ta taso daga Gumel, daga bakin Innarki, zuwa gare ki Auta, can tungar da kuka sara gaba da Ɗanzomo. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina gaida maigidanki da tsohuwarsa da ta bi ku, da duk mai shan ruwan rijiyarku. Ina gaida angona Musa mai ƙaton kai, wanda tun da kuka tafi da shi bai aiko mini da ko ɓarin goro ba. Allah Ya sa ta same ku lafiya, Ya tsare ku daga mai tafiya da ƙafa, da mai tashi sama, da mai jan ciki.

Yayanki ne yake rubutawa. Yana zaune a bakin ƙofa da tawadarsa, ni ina daga ciki ina faɗa. Shi ne kuma zai kawo miki ya karanta miki, don ba na son bakin bare ya shiga maganar nan. Kada ki jira labarin gari, ba shi ya sa na tayar da mutum daga karatunsa ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, kuma zan faɗe shi tun yanzu kafin surutu ya ɗauke ni: ki fitar da kazar nan daga ɗakinki. Yau nake nufi, ba gobe ba.

Tabawa mai daddawa ce ta dawo daga biki a Sule Tankarkar, ta ce ta ratsa ta wajenku ta sha ruwa. Na ce, "Yaya kika baro su?" Ta ce, "Lafiya ƙalau, Dije. Yaro ya yi ɓulɓul, har ya fara rarrafe." Na yi hamdala. Sai ta ƙara da cewa, "Ai 'yarki ta iya riƙon amana. Wani abu ya shiga akurkinsu ya kashe zakara da 'yan kajin da suka saya, sai ta ɗauke kazar nan mai wake-wake da kika ba ta, ta kafa mata kasko a ƙarƙashin gado. Tana can tana kwanci a kan ƙwai, ko ƙuda ba ya sauka a kanta." Ita yabon ki take yi, har da dariyarta. Ni kuwa ban ƙara jin abin da ta ce ba har ta yi sallama. Ƙwai a ƙarƙashin gado, yaro mai rarrafe a kan tabarma, ga bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗowa ta gabas, lokacin da kowane maciji yake barin raminsa yana neman wuri mai sanyi.

Na san abin da ya sa kika yi haka, zan kuma zo kansa. Amma in na ce ki fitar da ita ban gaya miki inda za ki kai ta ba, na yi aikin banza. To ki buɗe kunnenki. Ni babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini ginin akurki, da asara na koya.

Lokacin da aka kai ni gidan Babanku, Allah Ya jiƙansa, a wani ɗan ƙauye kusa da Gagarawa, tun Nasara ba su zo ba, uwata ta ba ni kaza ɗaya. Irin da ta zo da shi ne daga ƙasar Damagaram, ta biyo da shi ta Maigatari, tun babu wanda ya san da wata iyaka a wurin. Mai wake-waken da ke hannunki daga tsatsonta ta fito. Na yi mata akurki da hannuna, ina ji da kaina. Na kafa kara a cikin rairayi, na ɗaure da igiyar rama, na yaɓe da laka sama-sama, na ɗora masa 'yar jinka. Kyau kam ya yi kyau, har matan maƙwabta suna leƙowa kallo. Ta yi ƙyanƙyasa, 'ya'yanta suka tasa, ni kuwa har na fara ganin akuya a ɗaure a turke. Wata safiya na je buɗewa, ƙofa a rufe yadda na bar ta, ciki kuwa sai gashi. Na dafe kai ina salati, ina cewa aljanu sun shigo gida. Babanku ya zagaya ta baya, ya ce, "Zo ki ga aljanin naki." Wani ɗan rami ne a gindin bango, ga ƙasa an watso waje, ga sawun yanyawa ya nufi daji. Uwar ce kaɗai ta tsira, don ita da ma taurin kai gare ta, a kan rumbu take kwana.

Ƙasarmu rairayi ce, Auta, yaro ma da hannu yake haƙa ta. Abin da ke neman kaza ba ya tsayawa yana duba ƙofa, ta ƙasa yake farawa. Saboda haka kafin a ɗora ko curi ɗaya na laka, a haƙa gindin bango har hannu ya nutse ya wuce gwiwarsa. A jera tsingaro a ciki, na ƙullo miki wanda na tara a cikin buhu, don na san sabon wuri ba a fasa tukwane da yawa ba tukuna. A danna ƙayar aduwa a kai, sannan a cike da laka mai ƙarfi. Kada a tsaya nan. A shimfiɗa ƙaya ta waje, kewaye da bangon, faɗin taki guda, a binne ta da ƙasa, domin mai haƙa a jikin bango yake sa farcensa, da ya ji ƙaya sai ya koma. In da hali ma a ɗaga akurkin gaba ɗaya a kan guntayen itacen ƙirya kamar yadda ake yi wa rumbu, a daɓe cikinsa har ya yi santsi. Lakar da ta fi ita ce ƙasar suri, in an kwaɓa ta da ciyawa ta kwana. Amma don Allah kada ke ki je ɗibarta. Tsohon suri gidan maciji ne. Maza su je da rana, su fasa da doguwar sanda, kada kowa ya zura hannu a rami.

Wurin da za a kafa shi ma abin dubawa ne. Kada a jingina shi da shinge, kada a sa shi ƙarƙashin itace, kada ya raɓi rumbu ko tarin kara. A tsakar gida za a yi shi, fili ta kowane gefe, inda za ki hango shi daga bakin murhu. Ya kuma yi nesa da ɗakin da yaro yake kwana. Wannan na ƙarshe, yayanki ya ja masa layi da tawada.

Bayan yanyawa, Babanku ya taya ni muka gina na laka sosai, mai gindi. Na ce to, na gama da ɓarayi. Ƙofarsa kuwa wani tsohon faifai na kifa, na tokare da ice. Na daɗe a haka ba abin da ya faru, har na saki jiki. Ran nan aka yi suna a maƙwabta, muka shantake da hira, na dawo magariba ta wuce. Na hango faifan a wurinsa, na ɗauka wani ya rufe mini, na shige ɗaki. Ashe iska ce ta jingina shi, babu ice babu komai. Muzuru ya sa hannu ya ture. Shi kuwa ba kamar yanyawa ba ne da zai ɗauki rabonsa ya tafi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cije wuya, ya bar miki gawa a jere. Da safe surukata, kakarku Iya, ta tsaya a kaina tana tafa hannu. Ta ce, "Ke da kika iya gina gari, ƙofar gari ta gagare ki?" Na yi kuka ranar, rabi don kaji, rabi don maganarta.

Ƙofar akurki nauyi ake nema a gare ta. Na ba yayanki gindin tsohon turmina da ya tsage, an sassaƙe shi daidai, yana cikin mangalar jaki. A yi bakin akurkin gwargwadonsa, ya shiga ya zauna daram, sannan a gitta ice mai kauri ta waje. Kuma ke za ki rufe, da hannunki, kafin kiran magariba. Kada ki aiki kowa, kada ki hango daga nesa ki ce ai a rufe yake. Ki je ki taɓa, ki girgiza shi. Na san ki da son hira, a wurina kika gado, shi ya sa nake nanatawa.

Daga nan sai tsoro ya kai ni wata wautar. Na bi akurkin nan na toshe kowace kafa, ko allura ba za ta shiga ba. Aka yi wani zafi na bazara, na buɗe da safe na tarar 'yan tsaki sun yi laushi, baki a buɗe, wasu sun tafi. Ba wata dabba, ni ce na kashe su da hannuna. To sai an bar musu iska, amma ta sama, can kusa da rufi, ƙananan huda da yawa, kowace ɗan yatsanki na ƙarshe ba zai wuce ta ba. Duk kafar da yatsu biyu za su shiga, maciji zai shiga. In an gama gini ya bushe, kafin a sa kaza, ki kunna busasshen kashin shanu a cikin kasko ki tura ciki, ki rufe ƙofa, ki zagaya kina kallo. Duk inda hayaƙi ya fito wanda ba ke kika huda ba, ki yaɓe shi. Hayaƙin kuma zai kori ƙuma. Ki riƙa maimaita haka bayan kowane ruwa mai ƙarfi, don laka tana tsagewa a ɓoye, gara ma tana yin nata aikin.

Da rana kuwa abokiyar gabarki tana sama. Shirwa ta sha yi mini ɓarna ina tsaye, ina riƙe da taɓarya, sai dai in ji kukan uwar in ga inuwa ta wuce. Laifina shi ne a tsakiyar fili nake watsa musu tsaki da dusa, inda babu wurin ɓuya, kamar na shimfiɗa mata tabarma na ce bismilla. Sai daga baya na yi musu ɗan garka a gaban akurki. Ki sa a yi miki irinsa: a kafa itatuwa kusa da kusa, a kitsa ƙayar magarya a tsakani tun daga ƙasa har tsayin ƙirji, gindinta a binne. Sama kuma a gitta sanduna, a saƙa igiyar kaba kamar raga, a ɗora rassan ƙaya. Shirwa ba ta faɗawa inda ba ta ga hanyar tashi ba. 'Yan tsaki su zauna a ciki har sai sun yi fiffike, in ma za su fita to ki kasance a tsakar gida. In kin sami ƙwan zabi ki sa wa kaza ta ƙyanƙyashe miki. Surutunsu zai ishe ki, amma ko ganye ya motsa sai sun gaya wa gari.

Abin da na fi so ki riƙe a nan shi ne shara. Hatsin da ya kwana a ƙasa ɓera yake kira, ɓera ya haƙa rami, maciji ya biyo ramin ɓera. Ki ba su abin da za su cinye, ki share saura kafin rana ta faɗi. Ƙwan da ba na kwanci ba kada ya kwana a akurki. Ciyawa kada ta tsiro a gindin bango, ki bar wurin fes, ki watsa toka, da safe ki duba ko wani abu ya ja ciki a kai. Za a ce miki ki rataya laya, ki binne magani, ki yi turare. Ban hana ki ba, ni ma na yi. Amma ki yi addu'arki ki kuma toshe raminki.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Bayan ɓarnar muzuru kaza ɗaya ta rage mini daga irin uwata, ita ma don tana kwanci a bayan randa ne. Tsoro ya kama ni, na ce in wannan ta tafi me zan gaya wa uwata. Iya ta ce, "Ke, sa ta a ramin gado mana. Kowa haka yake yi." Gadon ƙasa ne da aka gina mini na jego, mai ramin wuta a ƙarƙashi, wutar ta daɗe da mutuwa. Na share toka, na sa kasko, na jera mata ƙwanta, ta shige ta kwanta. Na ji daɗi har raina. A lokacin yayanki, ɗana na fari, yana rarrafe, daidai yadda Musa yake yanzu.

An yi ruwan farko da kwana biyu ko uku, rana ta take, sai ga gwaggonnin Babanku sun zo gaisuwa. Suka zauna a rumfa da Iya, ni ina gefe ina dama musu fura. Yaron yana barci a ɗaki a kan tabarma. Sai na ji kazar ta yi wani irin kuka, ba na ƙwai ba, ba na yunwa ba. Na ji, Auta. Jikina ya ba ni. Jim kaɗan yaron ya farka ya fara nasa kukan, irin na wanda ya tashi bai ga kowa ba. Ɗaya daga cikin baƙin ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "Amarya, ɗanki yana kira." Sauran suka ƙunshe dariya, suna jira su ga ko zan tashi. Kin san yadda ake yi. Ɗan fari ne, ba a ɗaukarsa a gaban surukai, ba a nuna an ji kukansa. Na sunkuyar da kai na ce, "Wane ɗa? Ni ba ni da ɗa." Suka fashe da dariya, suka ce wa Iya, "Kin yi dace, wannan 'yar mutunci ce, ta san kunya." Na ci gaba da juya ludayi, zuciyata tana ɗaki, amma ban tashi ba.

Sai kukan ya sake. Duk uwa ta san wannan sakewar. Iya ce ta miƙe, da ciwon gwiwarta, tana dafa bango, tana cewa bari ta ga abin da ya sami mijinta, wato jikan nata. Ta ɗaga asabari, sai muka ji salatinta. Kumurci ne ya biyo ƙwai, ya shiga ramin gadon. Yaron ya ji fuffukar kaza ya rarrafa ya zura hannunsa na hagu a ciki. Lokacin da kazar ta fara kuka yana kan tabarmarsa yana barci. Lokacin da ya fara nasa kukan ma bai kai ramin ba. Tsakanina da shi bai fi in ajiye ludayi in yi tsalle biyu ba.

Sauran kin san shi, kin tashi kina ganin hannun. Wanzami ya yi tsaga, mai magani ya zo daga Gagarawa, hannu ya kumbura ya yi baƙi, muka fid da rai. Allah Ya bar mana shi, yatsu biyu suka tafi, sauran suka ƙandare. Shi ya sa bai riƙe fartanya kamar sa'o'insa ba, Babanku ya ba da shi ga karatu. Kowa ya san maciji ne. Babu wanda ya taɓa ce mini ke ce, hasali ma matan nan har suka mutu suna ba da labarin kunyata. Ƙwan kuwa ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba, kazar ce dai ta tsira.

Yayanki ya ajiye alƙalami a nan, yau ya fara jin wannan. Ya ce, "Inna, ai ya wuce. Abin da Allah Ya rubuta ne." Na ce na sani, ya ɗauki alƙalaminsa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

To ki ji ni da kyau. Musa ɗan farinki ne, kuma surukarki tana gidan, idonta a kanki. Ke auta ce, na goye ki a gaban kowa, na yi miki rawa a gaban kowa, ba ki san nauyin abin nan ba sai yanzu da ya hau kanki. Ban ce ki zubar da mutuncinki ba. Kada ki kira sunansa, kada ki yi masa wasa a gaban manya, duk na yarda, haka muka tarar. Amma kuka daban ne. In ya yi kuka kina waje yana ciki, ki ajiye abin da ke hannunki ki tashi, ko gaban wa kike. Su yi dariya, su ce 'yar Dije ba ta da ta ido, su kai labarin har Gumel, ni zan amsa. Dariya kwana biyu take yi ta wuce. In kin ga abin ya yi miki nauyi, ki ce za ki ɗauko gishiri, ki ce kin manta wani abu a ɗaki, wace mace ce ba ta iya wannan ba. Mafi sauƙi ma kada ki bar shi shi kaɗai a ɗaki a wannan lokaci. Ki shimfiɗa masa a inuwa inda idonki yake, ko ki miƙa wa kakarsa, ai tana so.

Saura maganar da na yi miki ranar da za ku tafi, bayan kin gama wankan jego a gida. Na miƙa miki mai wake-wake a cikin kwando, na ce irin uwata ce, ita kaɗai ta rage mini bayan shekarar yunwa, kada ki bari ta ɓace a hannunki. Na ga yadda kika rungume kwandon. Ni na ɗora miki wannan kaya, ni na tura kazar nan ƙarƙashin gadonki da bakina, kamar yadda tsoron uwata ya tura tawa. To na janye maganata. Yayanki shaida ne, ga shi a rubuce.

Ranar da ya iso, kafin ya sha ruwa, a fitar da ita da ƙwanta. Ba ke za ki sunkuya ba. Ki ɗauki yaro ku fita, maza su janye kaskon da doguwar sanda, su fitar da gado da tukwane da duk tarkacen da ke ɗakin, a yi hayaƙi, a duba gindin bango, a toshe ramin ɓera, a share, a watsa toka, don ƙanshin ƙwai ba ya barin wuri da wuri. Laka ba ta bushewa a yini ɗaya, na sani. Kafin akurki ya bushe, ta kwana a tsakar gida, a kifa mata kwando a danne da dutsen niƙa. In ta ƙi komawa kan ƙwan, a dafa a ci. In wani abu ya zo ya ɗauke ta, ya ɗauka, ba ki yi mini laifi ba. In kuwa kin san zuciyarki ba za ta bar ki ki yi barci tana waje ba, har za ki lallaɓa ki mayar da ita ɗaki, to maigidanki ya yanka ta a ranar. Ki yi romo, ki sa yaji, ki ɗanɗana wa angona a baki, ki ce kakarsa ce ta aiko. Irin uwata ya ƙare a cikin tukunyarki, na yafe. Kaza a kowace kasuwa ana samu.

Yayanki zai zauna har a gama ginin. Hannu ɗaya gare shi mai ƙarfi, amma ya san yadda nake so, kuma ba ya barin kafa. Kada ki hana shi aiki don tausayi, ba ya son haka. In zai dawo ki ba shi wani abu na yaron, ko zaren wuyansa ne, in gani in san da idonsa ya gan shi lafiya. Har ya dawo ni dai ba barci zan yi ba.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare ɗanki, Ya tsare gidanku daga gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya kau da mugun ji da mugun gani. Allah Ya kai mai ɗauke da takardar nan lafiya, Ya dawo mini da shi lafiya. Ki gaida surukarki da kyau, ki ce ina neman alfarma ta sa ido a kan jikanmu.

Yayanki ya ce a ƙarshen takarda ana sa sunan mai kawowa, me zai rubuta. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Na ce ya rubuta Iliyasu, ɗana na fari. Sai ya ce bai ji ba, in sake faɗa. Ya ji sarai. Na sake faɗa masa.